Inda Injin Bafulatani Ya Yi Shiru

Garin da aka haife ni babu shi yanzu. Yana can bayan Surko, in ka bar hanyar mota ka bi ta cikin gonaki har ka hango wasu duwatsu da suka jingina da juna. Mutanenmu sun tashi daga wurin ina budurwa, da rijiyoyi suka ƙafe. Wasu suka matsa bakin titi, wasu suka shigo Birnin Kudu, mu muna cikinsu. Ɗakunan ƙasa ne da dangar kara, damina kaɗan ta isa ta mayar da su fili. Bayanmu shanu suka yi ta kwana a wurin, bayan shanu aka sa garma.

A can aka binne mahaifiyata. Ina yarinya ta rasu, wajen haihuwar ƙanena. Ban san inda kabarinta yake ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Mace ba ta bin gawa, ba ta shiga maƙabarta, kuma mu ba ma sa wa kabari alama in ban da ɗan tudun ƙasa. Maza suka san wurin. Sai aka wayi gari mazan duk sun ƙare, cikin waɗanda suka sha ruwan garin nan ni kaɗai na rage.

Kufan ya faɗo hannun ƙanena a gado, da ya rasu ya koma hannun babban ɗansa. Mutumin kirki ne, shi yake kawo mini hatsi duk kaka. Shekarar da nake ba da labarinta, masu tifa suka same shi suka ce ƙasar wurin burji ce mai kyau, suna so su haƙa. Na san irin ramin da suke bari, raƙumi zai shige ba a ga tozonsa ba. Na aika aka kira mini shi, na ce akwai maƙabarta a filin nan.

Ya ce, "Gwaggo, ni ma ai kakata ce. Ki nuna mini wurin, wallahi ko cokali ɗaya ba za a ɗiba ba. Amma filin da faɗi, gero ma ya daina yin kirki a cikinsa. Ba zan hana kaina duka ba a kan wurin da babu wanda ya san inda yake."

Gaskiya ya faɗa. Na ce to a kai ni. Ya goya ni a babur muka je, na sauka na tsaya ina waige-waige. Kukar da nake kwatance da ita ta faɗi tuntuni, ko kututturenta babu. Duwatsun suna nan, amma daga cikin gida nake ganinsu ina yarinya, ta saman danga, ban san ta wane gefe ba. Ko ƙofar gidanmu ban iya nunawa ba. Muka dawo gida. Da ya sauke ni ya ce masu tifa ba za su shigo ba sai an kwashe kara, in na tuna wani abu kafin nan in faɗa masa.

Ana cikin haka sai ga shi wata rana da hantsi, shi da wani Bafulatani dogo daga wajen Gwaram, mai furfura a gemu. Shanunsa sun ƙare da daɗewa, ya tafi wajen masu haƙar zinariya ya yi shekaru, bai samo zinariyar ba amma ya dawo da injinta. Sanda ce doguwa mai faifai a ƙasa. Yana tafe yana lilo da ita a kan ƙasa, in faifan ya bi ta kan ƙarfe sai ta yi kuka. Da ya ji za a haƙe kufai sai ya roƙi ɗan ƙanena ya bar shi ya fara zagayawa. Ya tara tarkace cikin buhu, bai san kan rabinsu ba, shi ne aka ce a kawo shi wurin tsohuwa.

Kakanninmu daga Barno suka zo, akwai wasa tsakaninmu da Fulani, don haka tun kafin ya gama gaisuwa na ce, "A'a, yau bawana ne a gidan? Ina shanun, ko ka sayar ka sayi sandar da ba ta ba da nono?"

Ya ce, "Inna, shanun na nan lafiya, Barebari ne dai suka yi yawa a ƙasa, ciyawa ta ƙi fitowa."

Na sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ya juye buhun. Ni ban yi boko ba, allo ma ban wuce abin salla ba, wannan da kake karantawa faɗa nake ana rubutawa. Amma abin da hannuna ya taɓa riƙewa ba na mance shi. Da na duba sai na ga ya goge wasu kuɗin da dutse har ya cinye musu fuska. Na ce kai, haka ake yi? Aka jiƙa mini tsamiya a kwano, na zuba su ciki, aka ɗebo toka mai laushi. In sun jiƙu sai in murza da yatsa a hankali, yadda muke wanke kayan tagulla in salla ta matso.

Na fara ware masa. Ƙananan nan masu huji a tsakiya da tauraro, anini ne. Mai bi masa a girma dari ne, babban cikinsu kuma kobo. Fararen su ne na da, jajayen daga baya suka zo. Na nuna masa sisi, ɗan siriri, na nuna masa sule. Akwai wani sisin da aka liƙa wa 'yar maɗauki a baki, na ce wannan ya bar zama kuɗi tun kafin ya ɓace, matanku ne suke kitsa shi a gashi. Ya miƙo mini wani rawaya mai kusurwa-kusurwa, na ce taro ne, amma ba namu ba ne, ina ɗakin miji ya fito. Wani makiyayi ne ya yar da shi bayan mun tashi, irinku masu aljihu a huje.

Ya ɗauko wani ƙarfe siriri mai lanƙwasa a kai, na juya shi na ce kan kibiya ne da ya tanƙware. Ya yi dariya har yana buga cinya.

"Inna, yau na kama ki. Ƙarfen lalas ne. Da shi ake ƙona wa saniya wurin da ya kumbura."

Na ce to, abin shanu ai sai bawan shanu. Na bar masa wannan.

Sai ya zaro wani abu daga aljihun gaba, ya naɗe shi a tsumma. Babban kuɗi ne na azurfa, mai nauyi, da hoton wata mace mai ƙiba, shi ma da maɗauki. Na ce liyari. Ba a cefane da shi, a wuya ake ratayawa. Duk garinmu gida ɗaya ne na san ana rataya liyari, gidan mai gari, shi kuwa a tsakiyar gari yake. Bayan shi ya fito da wani dunƙule, anini ne da yawa sun manne da juna a jere kamar tsakiyar wuya, igiyar ta ruɓe ta bar su haka. Nan ma na san hannun. Akwai wata mai daddawa da take shirya aninanta a igiyar rama ta tura ƙarƙashin randa. Gidanta na can ƙarshen gari ta arewa, saboda wari.

Ina faɗar haka sai wata dabara ta faɗo mini. Na ce masa, "Kai, kana tune da inda ka tono kowanne?"

Ya ce, "Manyan dai na sani. Ramukan ma ban gama cikewa ba."

Abu na ƙarshe a gindin buhun munduwa ce ta tagulla, mai kauri, irin wadda ake sa wa amarya. An buɗe bakinta da ƙarfi har ta karkace, ga sawun awartaki a jikinta. Na juya ta a hannuna. Na ce ya ba ni aronta, kuma gobe ya zo mu tafi kufan tare, ya zo da injinsa.

Washegari muka tafi mu uku. An riga an yanke gero, sai kara a kwance. Bafulatanin ya kai ni ramin liyari, na tsaya a kai na ce to, nan ne gidan mai gari. Ya kai ni ramin aninai, na ce nan ne ƙarshen gari ta arewa. Da na sami waɗannan biyun sai garin ya fara tashi a idona. Na juya na dubi duwatsun, suka zauna daidai inda nake ganinsu ta saman danga. Na taka na je na tsaya a wani wuri da babu komai sai tushiyar gero, na ce wa ɗan ƙanena, "Nan aka haifi ubanka." Ya dubi ƙasa, ya dube ni.

Abin da nake nema shi ne rumfar maƙeri. Mu yara mata iyakarmu ke nan. Ana aikenmu can mu kai lauje gyara ko mu ɗebo wuta, amma ba a wuce ta. A rumfar ake ajiye dagi da fartanyar haƙar kabari, don ita ce ta ƙarshe kafin maƙabarta, kuma in maza sun dawo daga kai gawa a randar maƙerin suke wanke hannu da ƙafa. Wannan na sani sarai, don na sha ganinsu.

Na tambayi Bafulatanin ko ya ci karo da wasu baƙaƙen duwatsu masu ƙuraje-ƙuraje, masu nauyi. Ya ce, "Kada ki tuna mini! Wuni guda suka cinye mini. Inji ya yi ta ihu kamar an taka masa wutsiya, na ce yau na yi arziki, ina tonawa sai wannan banza." Na ce ba banza ba ne, kashin maƙera ne, abin da wuta take bari in an narka ƙarfe. Ya kai mu. Yana can gabashin gari, ga su nan ya watsar da su a bakin rami.

To, nan kuma sanina ya ƙare. Daga rumfar fili ne shimfiɗe ta gaba, ta dama, ta hagu. Ina yarinya akwai dangar maƙerin da ta tare ido, maza su kan zagaya bayanta su ɓace. Ko dama suke yi ko hagu, ko miƙewa suke, ban sani ba. Ɗan ƙanena ya ce, "Gwaggo, an rage, amma abin da ya saura ma ya kai rabin filin. Kuma nan gabas ɗin ne masu tifa suka fi so."

Rana ta yi zafi, ƙafafuna suka gaji. Na samu inuwar wani ɗan gawo na zauna, na kwance munduwar daga bakin zanena ina juya ta.

Ranar da mahaifiyata ta rasu ina tsugune a bayan ɗaki, an kore mu amma ban yi nisa ba. Matan da suke mata wanka suka cire mata 'yan kunne, suka cire zobe, suka kwance jigida. Munduwarta ta ƙi fita. Tun tana amarya aka sa mata, hannu ya yi ƙiba a ciki. Na ji wata tsohuwa tana cewa ba za a kai ta da ita ba, a je gidan maƙeri. Matar maƙerin ce ta zo da awartaki a ƙarƙashin mayafi, ta shiga, na ji ƙarar ƙarfe, ta fito. Haka ake yi wa kowa. Mutum ba ya tafiya da komai sai likkafani, ko allura ba a bari a jikinsa. Masu kai shi ma ba sa zama a can, ba a ciniki, ba a cin abinci, ba a wasa. A rufe a juyo.

Na kira Bafulatanin na ce, "Zo nan, bawana. Duk ka faɗa mini inda injinka ya yi kuka. Ina ne bai yi ba?"

Ya ce, "Inna, ai ba a lissafa wannan. Inda bai yi kuka ba wucewa ake."

"Na sani. Ina ka wuce?"

Ya tsaya yana shafa gemu. Ya ce ta hagu akwai kuka jefi-jefi, guntun fartanya, ƙusa, ƙarfen lalas ɗin nan ma can ya samo shi. Na ce nan ne masussuka da turken dabbobi. Ta dama kuma ya ce kuka kamar an shuka, 'yan kunne, allura, anini ɗai-ɗai, a jere kamar layi. Na ce hanyar rijiya ce, mata ke binta. Sai ya nuna gaba da sandar ya ce, "Can ne ya ba ni haushi. Na shiga na yi ta lilo, ko ƙis. Har na zauna na canja masa batir, na ɗauka mutuwa ya yi. Da na fita ta ɗaya gefen sai ya ci gaba da kukansa."

Na ce ya kunna injin ya koma, amma kada ya shiga ciki, ya bi baki-baki. Duk inda kuka ya ɗauke ya tsaya. Na ce wa ɗan ƙanena ya ɗebi kara ya bi shi yana kafawa. Suka tafi, ni ina zaune ina kallo. Bafulatanin ya daina raha. Yana tafe a hankali, ya matsa ciki ya dawo, ya matsa ya dawo, sai ya nuna da ƙafa a kafa kara. Kafin azahar karan sun zagaye wani wuri mai tsawo, bai kai girman da na zata ba, kamar gonar mace ɗaya. Bakinsa na kusa bai fi jifan dutse daga rumfar maƙeri ba.

Ɗan ƙanena ya dawo yana share gumi. Ya ce, "Gwaggo, na ga abin da kika gani. Amma shirun inji ba shaida ba ne. Ƙila dai ba wanda ya taɓa yar da komai a nan." Na ce haka ne, kuma ni ma ba na so a killace wurin da babu kowa a bar na gaske wa tifa. Muka tsayar a samo limami.

Bayan kwana kaɗan ya zo da wani limami daga ƙauyen da ke kusa, da dattawa. Limamin ya ce ba za a tona ba, sai dai a share sama-sama a gefe ɗaya, in an ga alama a tsaya. Ni na zauna a wurin kashin maƙera, iyakata tun ina yarinya. Bafulatanin ya jingine injinsa a jikin gawo ya bi su hannu sake. Ina hango su sun sunkuya, ɗaya yana jan ƙasa da fartanya a hankali. Aka daɗe. Sai na ga mai fartanyar ya ajiye ta ya koma sharewa da hannu, sauran suka matso. Daga nan na ga sun mayar da ƙasa, sun jeru sun ɗaga hannu.

Ɗan ƙanena ya zo ya tsuguna a gabana. Ya ce sun tarar da fasassun tukwane a kife, a jere, daga kudu zuwa arewa, yadda ake rufe kabari. Suka gwada wani gefen, nan ma haka. Ya ce, "Gwaggo, suna nan. Shekara da shekaru ina sa garma a kansu."

Na ce, "Ba ka sani ba. Tashi."

Masu tifa sun yi ƙorafi, don burjin gabas ya fi kyau, amma suka karɓi yamma. Wurin gidan mai gari ya tafi, na mai daddawa ya tafi, ɗakin da aka haife ni ma ya tafi a bayan mota, yanzu yana ƙarƙashin ginin wani. Wannan bai dame ni ba. Ɗan ƙanena ya bar tazara mai yawa bayan karan, ya sa aka dasa bini-da-zugu kewaye.

Da na miƙa wa Bafulatanin munduwarsa ya ƙi karɓa. Ya ce, "Ta mahaifiyarki ce, ko?" Na ce ban sani ba. Duk amaryar garinmu irinta ake sa mata, kuma ba mace ɗaya aka kira wa awartaki ba. Ya ce to ko ta wace ce, ta fi kusa da ni a kan shi. Liyarin kuwa ya ce matarsa ta riga ta rataya, ko kallonsa ba ya samu.

Da damina ta zauna ɗan ƙanena ya sake goya ni muka je. Shingen ya kama, ya yi ganye. Ciki ciyawa ce kawai, babu tudu ko ɗaya, babu yadda za a ce ga nata ga na wani. Ya buɗe ɗan kyauren da ya yi wa wurin ya shiga da sallama. Ni na tsaya daga waje, wajen rumfar maƙeri, na yi musu addu'a gaba ɗaya, ita da mai daddawa da matar maƙerin da duk wanda ke ciki. Da ya fito na ce ya ƙara ɗaure kyauren da kyau, akwai awaki a kusa.